Danshi a Tubalin Badaru

Injiniya ya ɗora tubalin Badaru a kan farantin ƙarfe mai zafi, ya manna ma'auni a samansa, ya rufe akwatin. Aikin na'urar ke nan: ta nuna tubalin da zafi ya fi shan wuyar ratsawa. Maginin da tubalinsa ya ci shi ne zai gina sabon ɗakin ajiye magani na Gaya. A 1974, magini ba ya neman sunan da ya wuce wannan.

Badaru bai ji ko ɗar ba. Kwaɓinsa na gado ne, jar ƙasa da ƙaiƙayin gero da gashin akuya. Duk garinsu Balan an san ɗakin da ya gina, ko da bazara sai ka nemi mayafi.

Gargaɗi ɗaya injiniya ya yi wa magina tun farko: tubali ya bushe ƙayau, domin danshi jan zafi yake yi. Badaru ya shanya nasa a kan soro har in ka ƙwanƙwasa sai ya yi ƙara. Ya karɓo rubutun sa'a a wurin malam, ya ajiye kwalbar, zumuɗi ya mantar da shi sha. Matarsa Hansai ta naɗe tubalin a zane. Amininsa Maiwada, direban injiniyoyin, ya kai tubalin Gaya a mota.

Allurar ma'aunin ta hau, ta yi ta hawa. Injiniya ya fasa tubalin, ya murza cikinsa da yatsa.

"Wannan jiƙa shi aka yi," in ji shi.

Wanda ya ci kuwa Tukur ne, surukin Maiwada.

Badaru ya juya a gaban jama'a ya dubi mutumin da aka yi musu kaciya tare.

"Ashe da ɗan gari akan ci gari, Maiwada. Ko gawata kada ka raka."

Maiwada ya rantse har da hawaye. Badaru ya ƙi motarsa, ya kama hanyar Balan a ƙasa.

Hansai ta tarbe shi da ruwa. Ya ce mata bai ci ba. Ta dafe ƙirji.

"Ikon Allah! Kuma wallahi, maigida, da na ga ka manta da rubutun nan, kaf na juye wa tubalin kafin in naɗe shi, sai da ya shanye."