Takardar Kotone a Reshen Gora

Shekara uku Kotone ta yi a makarantar rainon yara a birnin Nagoya, amma mahaifinta, Tetsuo Hamaguchi, bai taɓa taka ƙofar wurin ba sai ranar da ya zo kwashe kayanta. Mako guda ke nan da matarsa Michiru ta ɗauki yarinyar, 'yar shekara shida, ta koma gidan iyayenta can Kagoshima. Ta ce ta gaji da auren mutumin da ba ta ganin komai nasa sai riguna a kwandon wanki.

Tetsuo ba mugu ba ne. Irin ma'aikatan nan ne da ba sa iya tashi daga kujera muddin shugaba yana zaune, ko da aikin ya ƙare tun la'asar. In shugaba ya ce a je cin abinci, shi ne a gaba. Wai shi duk don yarinyar yake yi.

Da ya isa, Malama Ogata, malamar ajin Kotone, ta dube shi sama da ƙasa.

"Yi haƙuri, baban wa?"

"Baban Kotone."

"Ayya, ashe kana gari! Mu duk mun ɗauka a ƙasar waje kake aiki."

Kunya ta rufe shi, ya rusuna kawai.

Lokacin bikin Tanabata ne, bikin da ake rubuta buri a takarda a rataya. An kafa reshen gora a ƙofar aji, yara sun rataya takardu masu launi, kowa ya rubuta burinsa. Wannan likita, waccan mai gasa burodi, wani ma cewa ya yi shi kifi zai zama. Malama ta kwance wata shuɗiya ta miƙa masa.

"Ga tata. Ran da ta rubuta mun sha dariya, amma ni daga baya abin ya tsaya mini a rai."

Da karkataccen rubutunta, Kotone ta ce: "In na girma zan zama shugabar ofishin Baba. Ƙarfe biyar na yi zan tashi, don shi ma ya samu ya tashi."

Tetsuo ya zauna a 'yar kujerar yara, ƙato da shi, hawaye na zuba. Ashe yarinyar ta daɗe da gane abin da ke riƙe shi, har ta nemo magani, shi kuwa ko launin da take so bai sani ba.

Nan take ya buga waya. Michiru ta ɗauka, ta miƙa wa 'yar.

"Kotone, na ga takardarki. To shugabata, yaushe za ki kama aiki?"

"Ai na fasa, Baba. Furanni zan sayar."

"Me ya sa?"

"A nan ba na jiran kowa. Kaka kullum yana gida. Sai anjima, za mu je kamun kifi."

Ta kashe wayar.

Iyaye, ku zauna ku ji burin 'ya'yanku tun suna leƙen hanya don ku. Yaro yana gajiya da jira, kuma ran da ya daina, ba ƙarin girman ofis da zai dawo muku da shi.