Bebe a Filin Rabo

Ƙarfe goma da minti ashirin na safe motar siton abinci ta ja da baya ta shiga harabar makarantar, inda mutum ɗari da goma sha biyu ke tsaye a layi. Mai Walda ne na arba'in da ɗaya. Wata huɗu ke nan da rufe garejin da yake aiki, kwana biyu kuma rabon tukunyar gidansa da wuta. 'Ya'ya huɗu ya baro a ɗaki. Autarsu ta daina kuka tun jiya, shirun nata kuwa ya fi kukan tayar masa da hankali.

Duk ranar Talata siton kan ware kayan da kwanansu ya kusa ƙarewa a raba wa mabukata, maimakon a kai su juji a ƙone kamar da. Malama, shugabar ƙungiyar rabon, ta shekara biyu tana sintiri daga ofis zuwa ofis kafin a amince da haka. Ita ce a bakin tebur tana kiran lamba.

"Yau kun taki sa'a," in ji direba yana sauke murfin motar. "Sababbin 'yan dako muka samu. Sun share siton tas, har lungun bayan ƙofa ba su bari ba."

"Ɗan nan, matsa," in ji tsohuwar da ke bayan Mai Walda. "Kafaɗar nan taka ta tare mini ganin arziki."

"Iya, ke da ba haƙori, me za ki tauna?"

"Zan auri mai haƙori ya tauna mini. Kai kam ba na so, ka rame."

Ana cikin dariya aka kira lambarsa. Ya karɓi kwalbar mai, da gwangwanin madara uku, da buhun garin alkama mai kilo goma. Ya rungume buhun kamar jariri.

A daidai nan wani mutum ya faɗo ta ƙofar harabar. Gajere ne, kakkaura, ba takalmi, gumi ya jiƙe shuɗiyar rigar aikinsa, wuƙa tsirara a hannunsa. Bebe ne, ba ya magana, sai wani gurnani mai ban tsoro da ke fitowa daga maƙogwaronsa. Bai kalli mai ba, bai kalli madara ba. Tulin gari ya nufa. Ya farke buhu, ya tsoma hannu, ya duba, ya ture. Ya farke na biyu. Ɗan dakon da ya riƙe shi ya sha yanka a damtse. Tsohuwar ta tare shi da sandarta, ya mangare ta, ta kifa, bakinta ya fashe a kan dakali.

A buhu na bakwai ya tsaya. Ya ja shi zuwa kwata, ya juye garin cikin ƙazamin ruwa, ya hau tattakawa da ƙafafu biyu a gaban mutanen da suka kwana da yunwa.

"Mahaukaci ne! Ku kama shi!"

Bai gudu ba. Ya bi hannuwan jama'a da kallo ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya sauka a ƙirjin Mai Walda. Ya zabura ya cafki buhun. Suka faɗi tare, kwalbar man ta tarwatse, kaifin wuƙar ya tsaga tafin Mai Walda. Beben ya nuna bakinsa, sannan ya ja yatsa a maƙogwaro, ya sake ja.

Mai Walda ya fahimci barazanar. Ya laluba gefensa, ya ci karo da ƙafar wani karyayyen benci, ta ƙarfe. Shekara goma sha tara yana sarrafa ƙarfe, ya san inda nauyinsa yake. Dukan farko ya sauka a kafaɗa, na biyu a haƙarƙari, na uku a ka. Sauran jama'a suka rufe shi da duwatsu da takalma, Malama tana ihun a bari, ba mai sauraro. Jini ya gauraya da garin da ke zube, ya zama jan taɓo. Duk da haka yatsun beben ba su saki kusurwar buhun ba, sai da Mai Walda ya ɓanɓare su da ɗai-ɗai, biyu suka karye.

Ya isa gida sha ɗaya da rabi. Matarsa ta ɗaure masa hannu da tsumma.

"Baban yara, jinin wa ye wannan?"

"Na wanda ya so 'ya'yanki su ƙara kwana da yunwa. Hura wuta."

Ta kwaɓa garin da ruwa da gishiri, ta gasa a kasko. Yaran suka kewaye faranti, ba mai jiran ya huce. Shi da ita suka ce sai yara sun ƙoshi tukuna. Ya jingina da bango yana kallon Auta tana ci hannu baka hannu ƙwarya, har ta ɗago ta yi masa murmushi. Rabon da ya ji shi cikakken uba irin haka, ya manta.

Ƙarfe ɗaya saura kwata Malama ta banko ƙofa ba sallama, mayafinta a hannu, direba na biye da ita. Ta dubi buhun, ta dubi farantin da ba komai a ciki, ta dafa bango.

"Ku ɗauko yaran, mota na waje," in ji ta. "Yanzu mai kula da sito ya kira ni. Beben da ka fasa wa kai ma'aikacinsu ne, shi ke cakuɗa lalataccen gari da gubar ɓera ya ajiye a bayan ƙofa, kuma buhu biyu daga ciki sababbin 'yan dako suka loda a mota, su ya biyo da gudu: ɗaya ya zubar, ɗayan shi ne naka."