Motar da Ba Ta Kira Ba

Aikin Na-Waya a ƙungiyar agaji ba mai wuya ba ne. Wurin aikinsa ɗan ɗaki ne a bayan sito, da fanka mai ƙara, da rediyon sadarwa a kan tebur. Duk motar da ta fita kai magani ƙauye, doka ce direba ya kira shi a kowane zango ya ce lafiya. Idan lokaci ya wuce ba a ji mota ba, sai ya sanar da shugaba nan take, a tura wata ta bi sawu.

Sai dai direban da ake ce wa Dogo mantuwa ta yi masa katutu. Da farko Na-Waya yakan ɗaga hankalin ofis, a tura mota, a iske gogan a inuwa yana hira. Shugaba ya yi ta faɗan man da aka ƙona a banza, abokan aiki suka laƙaba wa Na-Waya sarkin tsoro. Dogo kuwa ko tsawa ba a taɓa yi masa ba. Tun daga nan Na-Waya ya koyi kama bakinsa.

Ranar da abin ya faru, ƙanwarsa Auta, ungozoma, tana cikin motar Dogo. Na-Waya ne ya samo mata aikin, kuma Inna ba ta amince ba sai da ya dafa ƙirji ya ce kunnensa na kan motarta duk inda ta shiga.

An kwana ana ruwa. Hantsi ya yi, ba kira. Ya nemi motar a rediyo, bai ji komai ba sai shuuu. Ya kai hannu zai kira shugaba, sai ya tuna dariyar da za a yi masa. Ya janye hannun, ya ce a ransa ai halin Dogo ne.

Rana ta raba, ta karkata, yana zaune yana kallon fanka.

Da yamma wani mai babur ya shigo, taɓo har gwiwa. Ya ce ruwa ya cinye gefen hanya, motar ta kife a kwari tun da safe, rediyon ya farfashe.

An samu Dogo da rai, ƙarfe ya danne masa ƙafa. Auta kuwa gilashi ya yanke ta a cinya. Ta ɗaure wurin da mayafinta, amma jini bai tsaya ba. Likita ya ce da an kawo ta kafin tsakar rana, da an ceto ta.

A gadon asibiti Dogo ya riƙe hannun Na-Waya yana kuka. Ya ce Auta ce ma take ba shi haƙuri. "Cewa take, kar ka damu, Yaya zai ji shiru ya turo mota. Yanzu haka suna hanya. Haka ta yi ta faɗa har muryarta ta ɗauke."

A gida Inna ba ta yi masa faɗa ba. Ta dai ɗago jajayen idanu ta ce, "Ɗana, ba ka ji shirun ba ne?"

Ya ji. Abin da ya kasa faɗa mata ke nan har yau.

Jama'a, ma'aikacin agaji ya fita ne da amanar waɗanda ya bari a ofis. Idan an daina jin ɗuriyarsa, a tashi a nema, kuma kada shugaba ya kunyata wanda ya yi gangami, ko da sau ɗari an iske lafiya.