Mai Fure ko Mai Suma

Sai da ya dafe ƙirji ya sulale ƙasa a ƙofar gidan su budurwar, sannan ya tuna ashe a fim ɗin kan kafet aka faɗi, ba kan tsakuwar garinsu Rawayau ba.

Wata uku yana zuwa zance, bakinsa bai taɓa wuce "ina wuni" ba, ga wani ɗan acaɓa mai zaƙin baki yana neman yi masa ƙafa. Da ya shiga Dutsin-Ma, mai tura finafinai ya zuba masa tsofaffin finafinan soyayya biyu a waya, baƙi da fari, waɗanda ba a magana a cikinsu. Da ya kalla, ya ce a ransa, to, ga 'yan'uwana marasa magana. A na farko saurayin ya durƙusa ya miƙa fure, budurwar ta sunkuyar da kai. A na biyu saurayin ya suma, budurwar ta tallabe shi tana kuka. Ya auna, ya ga na biyun ya fi, kuma ina zai samo fure da rani?

Ga shi nan kwance, ido rufe. Ya ji an tallabo kansa, wani ɗan danshi na sauka a goshinsa. Ya buɗe ido a hankali. Kakarta ce take masa tofi, tana cusa masa albasa a hanci.

Da tsohuwar ta shiga ɗebo ruwa, budurwar da ke tsaye a gefe ta janye mayafi daga baki, ta ce ƙasa-ƙasa:

"Malam, ni ma wurin mai tura finafinan nan nake turi. Tun watan jiya nake jiran mai furen."