Wanda Aka Bari a Bakin Gada

Kamalu na cikin liƙa gilashin wata waya a rumfarsa ta gyara da ke kasuwar Kankiya, sai tasa wayar ta yi ƙara. Ya duba. Sunan Hamma ne ya kunna kore a cikin wasan da suke bugawa, alamar mai shi ya shigo yana jiran abokan wasa.

Ya sake dubawa. Da shi aka rufe Hamma a ƙauyen Boko makon jiya.

Hamma makiyayi ne mai shiru-shiru. Bara ya zo rumfar nan, ƙanwarsa Shamsiyya mai tallar nono na biye da shi, ya miƙa sabuwar waya ya ce a saka masa wasan nan da ake haɗuwa a yi yaƙi tare. Ko sunan wasan bai sani ba. Kamalu ya saka, ya haɗa shi da ƙungiyarsu, shi da Sagir, wani malamin firamare a Yashe. Ba a jima ba Hamma ya fi su iyawa. Bai taɓa kunna murya ba, sai dai rubutu. In ya shigo kasuwa Kamalu ya yaba masa, sai ya yi murmushi ya koma zancen tsadar dusa.

Abu ɗaya ne ya haɗa su faɗa. A matakin ƙarshe, mutum ɗaya ke tsare gada, biyu su shiga gari su kwato waɗanda aka kama. Kamalu ya gano wata kafa a jikin ganuwa, kuskuren masu ƙirar wasan, wadda in aka bi ta an gama nan take. Sai dai mai tsaron gada ba ya tsira. Kamalu ya ce nasara nasara ce, maki kuma na kowa ne. Hamma ya rubuto cewa wannan ha'inci ne, ba a shiga mutum uku a fito biyu. Sagir yau yana nan, gobe yana can.

Wasansu na ƙarshe, Kamalu ya ja Sagir suka bi ta kafar. Hamma na ta rubuto a dawo a taimake shi, Kamalu ya danna murya yana dariya ya ce, "Ka mutu can, mu mun wuce."

Ba a rufa mako ba 'yan bindiga suka tare Hamma a hanyar daji yana dawowa daga Kusada. Suka kashe shi, suka tafi da babur ɗinsa da duk abin da ke aljihunsa.

Kamalu ya kira Sagir.

"Ka gani?"

"Na gani," in ji Sagir. "Su ne ke da wayar. Kar ka shiga. Lambarka na ciki, har da hoton rumfarka."

Amma gayyatar shiga wasan ta riƙa shigowa, yana kashewa tana dawowa. Bayan la'asar ya kasa daurewa, ya karɓa.

Da ma a ce baƙon hannu ya gani, da ya fi masa sauƙi. Mai wasan ya tsaya a gefen hagu na gada, inda Hamma ke tsayawa. Ya ɓuya bayan motar da ta ƙone, kamar yadda Hamma ke yi. Da aka harbe Kamalu ya faɗi, sai ya baro gadar cikin ruwan harsashi, ya zo ya tashe shi. Ba ɓarawon da zai koyi wannan cikin mako guda.

Sai rubutu ya fito: "Ina nan zuwa rumfarka ran kasuwa. Akwai maganar da ba ta waya ba ce."

Kamalu ya kifa wayar a tebur. Ko dai wanda ya kashe Hamma ne, ko kuma wanda shi da hannunsa ya zuba wa ƙasa. Bai san wanne ya fi tsoro ba. Abinci ya gagare shi. Ya yi sadaka da sunan mamacin, ya roƙi liman ya sa shi a addu'a, bai faɗi dalili ba. Sagir ya ce ya rufe rumfa ya tafi Katsina wajen yayarsa. Ya haɗa kaya, sai ya tuna matarsa da 'ya'yansa na gidan da kowa ya sani. Ya kwance kayan.

Ran kasuwa ya buɗe rumfa, ya ajiye adda a ƙarƙashin benci. Duk babur ɗin da ya rage gudu, sai ya kai hannu ga addar. Wani mai rawani ya tsaya tambayar caja, Kamalu ya ce babu, alhali ga su nan rataye.

Rana ta take, sai ga Shamsiyya. Ba ƙwarya a kanta, idanunta sun kumbura.

"Ya ƙarin haƙuri?" in ji Kamalu, yana leƙen bayanta. "Don Allah ki matsa daga nan. Yau wurin nan ba lafiya, akwai wanda nike jira."

Ba ta matsa ba. Ta zaro waya daga cikin mayafinta ta ajiye a gabansa, wasan na buɗe.

"Malam Kamalu, ka cire mani sunansa daga kai, ba ni iya kallonsa," ta ce. "Hamma bai taɓa buga wasan nan ba, ko karatu bai iya ba. Ni ya saya wa wayar."