Lakar Gindin Kwalba

Kawu Bortolo ya buɗe kwalbar a gaban maƙwabta. Prosecco ɗinsa na gida, wato giyar inabi, wanda yake taƙama da lakar gindinsa, ni da abokaina mun shanye shi jiya. Na kanti na juye a kwalbarsa, na barbaɗa fulawa don ta yi laka. In ya gane, zamana a gonarsa ya ƙare.

Ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Kun ji aikin hannu! Duk yankinmu na Valdobbiadene wa ya isa?"

Aka ɗauki tafi. Sai ya jawo kunnena, ya raɗa mini:

"Ɗan banza, ka cika fulawa. Rabin cokali nake sawa."