Ya Warke, Ya Zo da Sharaɗi

Da ƙafarsa abokin sana'arta ya shigo ɗakin, ba keke, ba sanda. Ta cire tabarau ɗin da take shiga duniyar kwamfuta da shi, inda masu ciwon laka irinsu ke taruwa, inda su biyu suke da shagon sayar da zanen riguna.

"Ashe ka warke," ta ce. Ta so ta yi murmushi, bakinta ya ƙi.

"Aurenki na zo nema." Ya dubi tabarau ɗin, ya kau da kai. "Amma mu rufe shagon nan. Duk na shiga can, sai ciwona ya dawo mini sabo."

"Ni kuwa a can kaɗai nake jerawa da kai. A nan tura ni za ka yi."

"Zan tura ki har ƙarshen raina."

"Na sani. Amma ba mai turi nake nema ba. Ina son wanda ba ya gudun inda nake da rai."

Ya juya ya fita.

Yayarta ta shigo da shayi. "Ina baƙon?"

"Mayar da kofi ɗaya, Yaya. Ki ja mini ƙofa."